Suyar Kifin da Ta Sauko da Mutanen Bene Shida

Ba zan taɓa mantawa da hutun da muka yi a Yanbu ba, ko da kuwa na so in manta, domin surukata tana nan da ranta, ƙwaƙwalwarta kuma garau take.

Mu mazauna Harra ta Yamma ne a Madina. Maigidana, Baban Maryam, a filin jirgi yake aiki, wajen kayan alhazai, saboda haka idan lokacin Hajji ya zo sai dai mu ga takalminsa a bakin ƙofa mu san ya shigo gidan. Da alhazai suka gama komawa aka ba shi hutun kwana biyar, ya ce zai kai mu mu ga teku. Ya kama mana shakka, irin gidan hayar nan mai gadaje da kujeru da kicin, ka shiga da jakarka kawai, ka dafa abin da ka ga dama. A hawa na huɗu take, barandarta tana kallon Bahar Maliya. Mu biyar muka tafi: ni da shi, 'ya'yanmu Maryam da Safiyya, sai mahaifiyarsa, Hajiya.

Kwana biyun farko daɗi kawai muka sha. Da safe in haɗa shayi mu fita baranda, Hajiya na jan carbi tana kallon jiragen masunta, iska na kaɗa mata mayafi. Yara su sauka su cika leda da bawon dodon koɗi. Baban Maryam kuwa barci yake yi, ya tashi ya ci abinci ya yi salla, ya koma. Ni ma har na fara mantawa da yadda tsintsiya take.

A rana ta uku muka je kasuwar kifi. Hajiya a bakin Tafkin Chadi aka haife ta, don haka da muka shiga sai ta zama wata sabuwar mutum: ta ɗaga wannan ta duba idonsa, ta danna cikin wancan ta yi tsaki. Muka sayi manya guda huɗu. A mota sai ta ce, kamar da gilashin taga take magana, "Allah sarki. Wadda ta tashi tsakanin duwatsu da dabino, ina za ta san yadda ake taɓa kifi? Ku bari gobe in soya muku."

Shekara goma sha ɗaya ina yi wa ɗanta girki, ko ciwon ciki bai taɓa yi ba, don haka na ƙulla abin a raina.

Bayan la'asar da suka shirya sauka bakin ruwa, na dafe goshi na ce kaina ke ciwo. Hajiya ta tofa mini addu'a, ta ce in kwanta. Suna rufe ƙofa na diro daga gado. Na wanke kifi biyu da lemun tsami, na tsattsaga su, na cusa tafarnuwa da citta, na zazzaga yajin da na taho da shi daga Madina, mai sa mutum atishawa tun yana cikin kwalba. Murhun na lantarki ne, ni kuwa da gas na saba, sai na murɗa shi har ƙarshe don kada ya ɓata mini lokaci. Mai ya yi zafi a kasko, na saka kifi, ya ce cuuu. Na ce yau Tafkin Chadi zai gaida Harra.

Sai na leƙa baranda. Rana ta yi ja tana shirin faɗawa cikin ruwa, teku ya yi wani irin kyau da ban taɓa gani ba. Na ce bari in ɗauki bidiyon minti ɗaya in tura wa ƙawayena su mutu da haushi. Na ja ƙofar gilashi na rufe don kada ƙarar suya ta shiga (so nake su ɗauka ko cokali ba na ɗagawa a hutun nan). Na ɗauka, mayafina bai zauna ba. Na sake, murya ta fita kamar mai mura. Ina cikin na huɗu, ina cewa "Wallahi 'yan uwa, hutu ni'ima ne," sai ƙarar na'urar gargaɗin gobara ta tsaga ginin gaba ɗaya.

Na juya, ban ga kujeru ba, ban ga talabijin ba. Hayaƙi kawai.

Na faɗa ciki ina tari, na kashe murhu. Alhamdu lillahi wuta ba ta kama ba, amma kifin nan sun koma kamar takalman da aka tsinto a gobara. A nan ne Shaiɗan ya ba ni shawara, ni kuma na karɓa hannu biyu. Na tura kaskon cikin tanderun da ke ƙarƙashin murhun, na rufe, na zura abaya, na fita na shiga cikin mutanen da ke gangarowa ta matakala, ina salati kamar kowa.

A filin ajiye motoci duk mutanen bene shida suka taru, kowa na tari da hawaye, don yajina ya bi su har cikin ɗakunansu. Wani ya fito da kumfar sabulu a rabin kansa. Wata da jariri naɗe a labule. Wani dattijo kuwa 'ya'yansa ne suka sauko da shi a kan kujera tun daga hawa na shida, wannan ya ɗan sosa mini zuciya, amma bai hana ni abin da na yi ba. Wata Balarabiya da ke kusa da ni ta tambaye ni ko na san daga ina wutar ta tashi. Na girgiza kai, na ce mata da Larabci, "Wasu matan sam ba su da hankali. A ɗora abu a wuta a tafi danna waya!" Ta ce wallahi gaskiya ne. Mata suka kewaye ni, na ci gaba da wa'azi.

Sai ga Hajiya a guje daga bakin ruwa, takalmi ɗaya a ƙafa, tana kuka, Baban Maryam da yara na binta. A zatonta ina can kwance da ciwon kai wuta ta rufe ni. Ta rungume ni tana cewa, "'Yata! Alhamdu lillahi, 'yata!" Can sai kukan ya tsaya. Na ji hancinta yana yawo a wuyan abayata. Ta ɗago ta kalle ni, ta ce a hankali, "Tafarnuwar ta yi yawa."

Ana cikin haka, mai gadin ginin, wani dattijo baƙi mai farar jallabiya, ya fito riƙe da kaskona da tsumma, ya ɗaga shi sama kamar kofin gasa. Ya ce da Larabci kowa ya kwantar da hankali, babu gobara, kifi ne kawai ya yi shahada. Sannan ya tambaya su wane ne masu shakka ta goma sha huɗu.

Na matsa kusa da Baban Maryam, na ce da Hausa, "Don girman Allah ka yi shiru. Kada ka ce tamu ce."

Mai gadin nan ya juyo, ya yi murmushi, ya ce da Hausa tsantsa irin ta mutanen Sudan, "Ba sai ya faɗa ba, 'yata, lambar ɗakin ta fito a na'ura. Ga kaskonki. A tanderu na same shi, ya ɓuya."

Ya miƙo mini, ni kuma hannuna ya karɓa da kansa. Balarabiyar nan ba ta jin Hausa, amma kasko ba ya bukatar tafinta. Ta kalle ni, ta kalli wayar da ke ɗaya hannuna, ta ja da baya. Baban Maryam ya shiga bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri, kafaɗunsa na rawa, wai shi ba dariya yake ba. Ni ma na je na durƙusa gaban dattijon kan kujera. Ya ce ya yafe, amma don Allah in zan sake suya in aiko a gaya masa ya sauko da wuri.

Washegari Hajiya ta soya sauran biyun, ina tsaye a bayanta ina miƙa gishiri. (Ya yi daɗi. Raina bai so ba, amma ya yi daɗi.) Ta dafa kafaɗata ta ce, "Kada ki damu, wannan magana a Yanbu za mu bar ta."

Ranar komawa, ko garin Badar ba mu kai ba wayata ta yi ƙara. Yayar maigidana ce daga unguwar Ranuna a Madina. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Maman Maryam, ya jikin kifi?"

Tun daga nan na koyi cewa in za ka yi ƙarya a ƙasar Saudiyya, kada ka dogara da Hausa ta rufa maka asiri. Mun fi yadda kake zato yawa.