Abin da Ya Gagari Jamusawa Bai Gagari Lauwali Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu a ƙarƙashinsa da ya fi baƙin ciki ɗaci, ni Sanusi Dabo, ɗalibin aikin gona a nan Greensboro ta ƙasar Amurka, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata, jif ɗin soja da aka fi sani da Kofur Bebi. Ta cika a sanyin Janairun bana, 1985, a ƙofar gidana da ke unguwar Glenwood, tana da shekara arba'in da 'yan kai. Kada kowa ya ce tsufa ne. Kashe ta aka yi, kuma zan faɗi sunan wanda ya yi.

An haifi marigayiya a Yaƙin Duniya na Biyu, zamanin da sojoji suka gaji da lallashin doki da alfadari, suka nemi abin da zai hau dutse ya ratsa taɓo bai nemi ciyawa ba. Yayyenta su ne manyan motocin lodi masu jigilar mai da harsashi da abinci zuwa bakin daga. Ita ce auta. Ba ta da ƙofa, ba ta da rufi sai tamfol, amma irinta sun ɗauki hafsoshi, sun ja ƙananan igwa, sun kwaso masu rauni. Mista Alston na East Greensboro, tsohon direban soja baƙar fata da ya sayar mini da ita, ya ce ta taka ƙasar Faransa. Ya nuna mini wata huda a gefenta ya ce harsashin Jamusawa ne, ni kuwa ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

Ta yi ritaya, amma ba ta zauna ba. Babu baƙon ɗalibin da ya sauka a garin nan da ba ta ɗaukar masa katifa ba. Da safe takan yi tari, kyar, kyar, kyar, sannan ta ce ɓurum, maƙwabta su leƙo ta taga. Ba ta taɓa barina a hanya ba sai da dalili.

Ta bar tayar safaya ɗaya, da jarka, da shebur da gatari a ɗaure a haƙarƙarinta. Ta bar matata Hadijatu, wadda kukanta bai kai yadda nake so ba, don iskar marigayiya ta cinye mata gyale biyu. Ta kuma bar mahaifina, Sajan Dabo, wanda bai ma san ta rasu ba, kuma nan ne abin yake ci mini rai. Baba ya tuƙa irinta a yaƙin Bama, can ƙasar Asiya, yana saurayi. Tun da na aika masa hotonta, babu kaset ɗin da zai aiko daga gida da ba zai ce, "Sanusi, ka riƙe mini ita da kyau," ba. Zai zo bikin kammala karatuna a watan Mayu, ni kuma na yi masa alkawarin shi zai tuƙa mu zuwa wurin. Tsohon ya haura saba'in. Ban san ko akwai wani Mayun bayan wannan ba.

Ga yadda ajali ya zo. Lauwali Sanda, mai karatun lissafin kuɗi, ya are ta don ɗauko ragon sunan ɗansa daga wata gona a bayan gari. Da ya dawo sai karambani ya motsa, wai shi ya girma kusa da gareji a Kano. Ya buɗe lagireto, ya ga koren ruwan nan da ake zubawa don kada sanyi ya daskarar da inji, ya yanke hukuncin gansakuka ce. Ya tsiyaye shi tas, ya ɗura ruwan famfo mai tsabta kamar yadda ake yi a gida, ya kawo mini makulli yana murmushi bai faɗa mini abin da ya yi ba. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Sanyin da aka daɗe ba a ga irinsa ba ya sauka a makon, ruwan ya zama ƙanƙara, cikin injin ya tsage. Na murɗa makulli ta ce kyar sau ɗaya, ba ta ƙara ba.

Da na tare shi, abin da ya iya cewa shi ne, "Haba Malam Sanusi, ai ni favour na yi maka, ruwan ya yi dirty sosai." Na ci naman ragon nan, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Alhaji Iliyasu, dattijonmu a garin nan, ya zo har gida ya ce rashin sani ya fi dare duhu, in yi haƙuri. Na ji maganar manya. Zan yafe wa Lauwali, amma sai bayan jana'iza, kuma ga tsarinta.

Ba za a miƙa gawa ga 'yan gwangwan yanzu ba. Za ta kwanta a inda ta faɗi, a lulluɓe da tamfol ɗinta, har watan Mayu. Ana karɓar gaisuwa a gidana kowace Asabar bayan la'asar, akwai shayi. Ranar biki za a wanke ta, a ba tayoyinta iska, a fito da ita daga Glenwood, a ratsa Elm Street a gaban jama'a, a nufi makaranta. Masu rakiya su taho a ƙafa, kuma kada wanda ya kuskura ya sa hannu ko da an zo hawa. Baba zai zauna a gaba ya riƙe sitiyari kamar yadda na yi masa alkawari, ni ina gefensa da rigar bikina. Lauwali ne zai tura.