Ranar da Na Gyara Makirfon Motar Alhaji Mudi

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata Laraba ta tsakiyar damina. Wayarin mota nake gyarawa a Gummi, sai Alhaji Mudi, dillalin shinkafa, ya kawo min tasa. In ya kira mutane ta rediyon motar yana jin su, su ba sa jin sa. Taswirar motar mai nuna hanya ma in ya ce mata "Anka", ko kula shi ba ta yi.

Na ce ya bar min waya ɗaya a motar, ya tafi majalisarsa da ɗayar. Na kira shi, na yi ta "Alhaji, kana ji na?" Sai dai in jiyo shi yana ce wa mutane, "Ni shiru nika ji." Na rage ƙarar sifika gaba ɗaya don surutunsu ya dame ni. Na ɓalle murfin fitilar rufi, inda ɗan makirfon yake, na tarar soket ɗinsa ya saki, ga tsatsa. Na goge, na mayar. (Kiran kuwa ban kashe ba.)

Na ɗauki hanyar Bukkuyum don in ga ko gargada za ta sake sakin sa. An ɗauke ruwa ke nan, fadama ta yi kore shar, balbelu na sauka cikin shinkafa, motar na tafiya kamar kwalekwale. Ban san lokacin da na zama mai ita ba. Na juya ga kujerar gefe, a raina na zaunar da Malama Hafsatu, ƙanwar Alhaji, wadda shekara biyu ban taɓa wuce "ina wuni" da ita ba.

"Hafsatu, sauke gilas ki sha iska," in ji ni. Na gina mana gida a bakin gulbi, na raɗa wa 'ya'yanmu uku suna, na rera mata waƙa. Daga nan na kumbura murya irin ta Alhaji, har da tarin nan nasa: "Na ba ka ita, ka haɗa da motar."

Da na dawo, na kai masa motar majalisa. Waya na tsakiyar tabarma. Liman ya sunkuya yana jan carbi, kafaɗunsa na rawa.

"Aiki ya yi kyau," in ji Alhaji, "har kukan kwaɗi mun jiya. Amma ni ba haka nika tari ba."

Na miƙa masa makullin motar, ya karɓa ya ci gaba:

"Mota dai ba ni ba ka. Hafsatu ko, kujera ba ta amsa maka. Tai ka tambaye ta."

Sati uku na yi kafin in iya zuwa. Ashe labari ya kai gida, Innarsu ta riga ta rera mata waƙar tun daga farko har ƙarshe. Hafsatu ta ce muryar ce dai sai haƙuri, amma in turo kawuna ya nema min aurenta.

Yanzu in zan gwada makirfo, ɗaya, biyu, uku nake ƙirgawa, in kashe kira, in duba sau biyu, sannan in fara mafarki.