Rasuwar Gordo a Idon Duniya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da har yanzu na kasa ɗagawa, ni Ramona Baca nake sanar da dukkan 'yan sa-kai na manhajar Sandhill rasuwar Gordo, wanda ya cika ranar Alhamis a ɗakin gwajinmu da ke Las Cruces a Amurka.

Ga sababbin shiga: Gordo ɗan tagwaye ne. Ɗan'uwansa Flaco shi ne ƙaramin tauraron ɗan'adam ɗinmu da ke zagaya duniya. Shi Gordo aka bari a ƙasa, shimfiɗe a kan tebur, duk kayan cikinsa a waje. Manhajarmu a buɗe take, kowa na iya karantawa ya aiko da gyara, amma ba a taɓa tura wa Flaco ko harafi ɗaya ba sai Gordo ya fara ɗanɗanawa. Ya haɗiyi shirmen ɗalibai, ya haɗiyi na farfesoshi, bai taɓa tona asirin kowa ba. In abu ya yi masa, ya ce "tit-tit". In bai yi ba, fankarsa ta ja dogon numfashi, "fuuu", ya jira a sake.

Da yawanku kun ga cikawarsa, domin a taronmu na wata-wata ne da ake haskawa kai tsaye. Ranar muna gwada gyaran Wendell Sawchuk, dattijon malamin lissafi mai ritaya daga Manitoba ta ƙasar Kanada. Flaco ya jima yana zuƙe batirinsa duk lokacin da ya shiga inuwar duniya, Wendell kuma ya kwashe hunturu guda yana neman maganin abin. Wannan ne gyaransa na farko. Ta bidiyo ya shigo daga gida, har taye ya ɗaura, jikokinsa na leƙowa ta bayan kujera.

Na danna maɓalli. Gordo ya ce "tit", bai ƙarasa ta biyun ba. Sai hayaƙi.

Na ɗauka na kashe makirufo. Na juya wajen abokin aikina Ignacio na ce, "Ka gani ko? Kowane tsoho ya gaji da kallon talabijin sai ya zo ya kashe mana kaya."

Ignacio ya ce, "Ramona, suna jin ki."

Daga nan ya sunkuya kan mamacin, ya shinshina, ya ɗago wani kwanon roba daga bayan akwatin wuta. "Hajiyar tsafta, wannan na waye?"

Nawa ne. Miyar koren barkono ce da na ɗora a wurin da safe don kada ta huce, hidimar taro ta sa na manta. Zafi ya narkar da gindin robar, miyar ta bi waya ta gangara har cikin allon lantarkin Gordo. Gyaran Wendell ko farawa bai yi ba.

Can Wendell ya gyara zaman tabarau ya ce, "Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri in na ɓata muku wani abu." Ya ce wa jikokin su je su yi wasa. Hotonsa ya ɗauke.

Marigayin ya bar ɗan'uwansa Flaco a sama, batiri na ƙara rauni, ba kuma mai ƙarfin halin tura masa magani ba gwaji. Ya bar fanka ɗaya mai rai, da tulin gyare-gyaren jama'a da ke jiran layi, da Ignacio, wanda tun ranar bai tsokane ni ba ko sau ɗaya. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Mun zauna da shi mun bi aikin Wendell layi-layi da ido. Ba mu sami kuskure ba. Na rubuta masa haka, na kira wayarsa, na bar saƙo. Shiru.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Za a cire abin da zai moru daga jikin marigayin, sauran a kai wurin karɓar matattun kayan lantarki na gari, ni zan ɗauke shi da hannuna. Ba a buƙatar furanni. Mai ƙarfen dalma na liƙa wayoyi ya zo da abinsa, domin daga can za mu wuce haɗa magajinsa, kuma na sauka daga jagorancin taron wata, Ignacio zai riƙe. Gyaran farko da magajin zai ɗanɗana na Wendell ne, shi muke so ya ba da umarnin dannawa. Duk wanda ke kusa da Manitoba, don Allah ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya gaya masa. Za mu jira shi iya abin da batirin Flaco zai iya jira.