Bizar Manyan Mutane

Duk wanda bai san Darakta ba, to bai taɓa bi ta layin masu buga takardu ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwa biyu, kunne da kujera. Kunnen tun yana saurayi yake da shi. Injin ɗab'i zai yi tari daga ƙarshen layi, ya karkata kai ya ce bel ne ya saki, a je a duba a tarar haka ne. Kujerar kuwa bara ya saye ta, mai juyawa, mai tayoyi a ƙafa, kuma tun ranar da ya zauna a kanta ya daina amsa sunan bakanike. Ya sa aka rubuta a ƙofar shago cewa nan ce hedikwatar kamfani. Ya sayi kwat mai faɗin kafaɗa. Gyara dai yana yi, amma sai ya ja labule tukuna, kamar mai canza kaya.

Sai dai kasuwa ba ta san girman mutane ba. Sababbin injina masu kwamfuta suka cika layin, tsofaffin da Darakta ya sani ciki da bai aka riƙa sayar da su ga masu tsohon ƙarfe. Shi yana kiran halin da ake ciki lokacin nazarin kasuwa. Matarsa, da yake ba ta yi zurfi a harkar kamfani ba, zaman banza take ce masa.

Ana cikin haka ƙanin matar ya bugo waya daga ƙasar da yake aiki a wata maɗaba'a. Tsohon injin mai gidansu ya tsaya, injiniyoyi sun yi iya yinsu sun ɗaga hannu. Shi kuwa ya bugi ƙirji ya ce yana da suruki mai jin maganar ƙarfe. Mai maɗaba'ar ya ce a kira shi, in ya tayar da injin, shi zai riƙa kula da sauran duk shekara. Matar ta ji haka ta yi ta hamdala, domin ita ta san abin da ya rage a ɗakin girki.

Ƙanin ya yi masa bayani dalla-dalla. Bizar ɗan gajeren zama iri biyu ce. Akwai ta baƙin kasuwanci, masu zuwa taro su duba kaya su yi musabaha su koma. Akwai kuma ta ƙwararrun ma'aikata, waɗanda za su sa hannu a aiki. Ya ce, "Ta biyun za ka nema, Yaya."

Darakta ya juya da kujerarsa ya fuskanci bango, ya sake juyowa. Ya ce, "Yaro yaro ne. Shugaban kamfani ba ya tafiya ƙwadago. Ganawa yake zuwa."

A ofishin biza layi biyu ya tarar. Ɗaya na masu jakar hannu da ƙamshin turare, ɗayan na mutane masu kaushin hannu irin nasa. Bai ko kalli na biyun ba, ya zura hannayensa a aljihu ya bi sahun manya. Da ya isa taga, jami'ar ta tambaye shi ko zai yi wani aiki da hannunsa a can. Ya yi dariyar da ya daɗe yana koyo a gaban madubi.

"Baiwar Allah, dube ni da kyau. Mu namu tunani ne da tsare-tsare. Ma'aikatana ke riƙe sufana."

Ta dube shi da kyau kamar yadda ya nema, ta yarda. Aka ba shi bizar manya. A hanyar gida sai da ya tsaya a shago uku yana neman abu a aljihu, fasfo yana faɗowa a buɗe.

Ya sauka lafiya, kwat ba ko lanƙwasa. Mai maɗaba'ar ya tarbe shi da fara'a, ya karɓi fasfo ya duba, fara'ar ta ragu. Ya dubi ƙanin matar, ƙanin ya dubi silin. Aka rataya wa Darakta katin baƙi a wuya, aka tsayar da shi bayan wani layin fenti da aka ja a ƙasa, aka kunna injin domin ya ji.

Injin ya yi tari, ya yi gurnani, ya mutu. Kafin ya mutu Darakta ya riga ya san ciwon. Ya manta da kamfani, ya manta da hedikwata, ya tuɓe kwat ya jefar a kan kwali, ya miƙa hannu ga akwatin kayan aiki. Mai maɗaba'ar ya riƙe masa gwiwar hannu cikin ladabi. Ya ce ya yi haƙuri, takardarsa ta baƙo ce, in ya taɓa ko ƙusa hukuma za ta iya rufe musu wurin.

Darakta ya gwada gyaran da baki daga bayan layin. Ya ce a ɗaure can ciki kaɗan. Aka tambaye shi kaɗan nawa. Ya buɗe baki ya rufe, domin amsar a yatsunsa take, ba a harshensa ba.

Daga nan aka kai shi ɗakin taro, aka zaunar da shi a kujerar da ta fi tasa laushi, aka kawo shayi. Ganawar da ya nema ke nan, ba a rage masa komai ba. Ta gilashi yana hango injin a tsaye, yatsunsa suna motsi a kan tebur su kaɗai. Wallahi a nan kam ya ba ni tausayi.

Ranar komawa mai maɗaba'ar ya raka shi har ƙofa. Ya ce an gode da ziyarar shugaba, injin zai jira zuwa ƙarshen wata, in ya wuce haka za su nemi wani. Ya roƙe shi ya turo musu ɗaya daga cikin kanikawansa, da takardar da ta dace. Darakta ya gyara kwat ya ce zai zauna da ma'aikatansa a zaɓi wanda ya fi cancanta.

Da ya koma gida, zaman bai ɗauki lokaci ba. Matarsa ce ta yanke hukuncin, kuma ba ta ɗaga murya ba.

Washegari da sassafe yana layin masu kaushin hannu, hula ta rufe rabin fuska. Da ya isa taga, sai ga jami'ar nan dai. Ta gane shi, ta gaishe shi da girmamawa.

"Yallaɓai Darakta, ai wannan takardar sai ma'aikacin ya zo da kansa. Yana ina?"

Darakta ya waiga hagu, ya waiga dama. Ya zaro hannayensa daga aljihu ya ɗora su a bakin tagar, ya sassauta murya.

"Ga ni."