Tanderun Mai Girma da Wutar Ƙofar Gidanmu

Jama'a, in wani ya ce muku yau da safe ya ga wani magidanci yana bin babbar mota a guje a bakin kwalta, nan Dogon Dutsi, takalmi ɗaya a ƙafa, buta a hannu, yana kururuwar "ku tsaya, nawa ne", kada ku ƙaryata shi. Ni ne, Iro naku. Motar ba ta tsaya ba. Abin da na samu shi ne tari, da dariyar mata masu tuyar ƙosai, da wani ɗan kabu-kabu da ya rage gudu ya ce in hau mu bi su. Na ce masa ya wuce abinsa, manya ba a kamo su da babur.

Abin da motar ta ɗauke tanderuna ne. Na ce nawa, don a gaban jama'a aka ba ni shi, har da tafi da guɗa. Amma bari in koma baya, kada ku ɗauka zafin bazara ne ya taɓa mini kai.

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san a ƙofar gidanmu ake hura wutar gashi ranar Babbar Salla. Marigayi Baba ne ya fara. Kowane gida ya yanka ragonsa, ya banƙare shi a kan sanduna, a kawo a jera su kewaye da wuta guda, maza su wuni suna juyawa suna gardama a kan wane ne ragonsa ya fi kitse. Dokar Baba ɗaya ce: kowa ya zo da itacensa, amma itacen da za a fara tada wutar da shi na mai ƙofa ne. Saboda haka tun salla da saura yake fito da gatari da safe, ya yi ta faskare a gindin tagar Inna. Ban taɓa ganin Baba ya ƙare salla da gashin girarsa cikakke ba. Har mahaifin maƙwabcina Fidèle, da yake Kirista ne, yakan jawo kujera ya zauna da mafici, ya fi masu ragunan ba da umarni. Washegari a kai masa ƙafar gaba, su kuma ran Noël su aiko mana da shinkafa.

Da Baba ya rasu, gatarin ya dawo hannuna. Inna tana nan da ranta, sai dai idanun sun tafi. Ta ce ita ba ta bukatar a gaya mata an ga wata. In ta ji sara a gindin taga, ta san salla ta zo, kuma ta san gidan mijinta bai mutu ba.

To, bana sai ga wani furoje, wato shirin masu ba da agaji, ya sauka a garinmu, na ceto itatuwa daga bakin wuta. Ni ban ce ƙarya suke yi ba. Dajin da muke shiga muna yara mu ɓace, yau in ka tsaya a wannan gefe kana hango akuya a wancan. Suka ce suna neman "gidan misali", wanda zai gasa ragonsa ba da itace ba. Da aka zaɓe ni, na ɗauka an lura da basirata ne, tunda ba wanda ya fi ni magana a fada, majalisar hirarmu ta unguwa. Daga baya na gane ƙofar gidana ce ta kalli kwalta, kuma akwai filin da motoci za su juya.

Ranar biki aka kafa rumfa. Rumfar ba ta zauna daidai ba saboda reshen dogonyaron da ke mana inuwa, sai ma'aikatan ceto itatuwa suka sare reshen. Na ƙyale su, don masu ilimi sun fi mu sanin inda ceto yake farawa. Can rana ta take, sai ga Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, da jerin manyan motoci kat-kat a bayansa, kowace da mutum ɗaya a ciki yana shan sanyi. Aka yaye wani mayafi, sai ga tanderun ƙarfe mai aiki da gaz, tsayinsa ya kai kafaɗata, cikinsa zai haɗiye rago sukutum. Ƙofarsa na da ƴar lotsawa a gefe, amma wa ke duba lotsawa a kyauta?

Aka miƙo mini makirfo. Ni kuwa, jama'a, matsalata ke nan tun ina ɗan makarantar lakkol: in aka ba ni dama in ce "na gode", sai in yi huɗuba. Na ce zamanin hayaƙi ya wuce. Na ce daga yau ba za a sake hura wuta a ƙofar gidan nan ba. Na ji tafi ya yi daɗi, sai na ƙara da cewa ga tulin itacen da na tara tun rani, na sadaukar. Nan take aka loda shi a mota, wai za a kai shi buro, wato ofishinsu, a ajiye shaida. Na waiwaya in ce a haɗa da sandunan banƙara na Baba, sai na ga matata Barira ta tsaya a bakin zaure ta tokare ƙofa da hannu biyu.

Ta ce a hankali, "Malam, itace kai ka tara, ka ba wanda kake so. Sandunan ga kuwa ba kai ka sassaƙa su ba. Wanda duk yat taɓa su, da ni za shi yi."

Na juya ga kamara na yi murmushi, na ce mata suna bukatar a wayar musu da kai.

Kafin su tafi suka kafa wani babban allo a ƙofar gida, a kan turaku biyu masu kauri, da rubutu cikin Faransanci da Hausa: GIDAN MISALI, A NAN BA A ƘONA ITACE. Na tambayi wani mai riƙe da jaka ina tukunyar gaz ɗin. Ya ce wannan kashi na farko ne, gaz yana kashi na biyu. Na ce yaushe ne kashi na biyu? Ya dafa kafaɗata ya ce in ci gaba da ba da haɗin kai.

Na ba da haɗin kai. Kullum da safe sai in goge tanderun da tsumma. Kajin Barira suka gano cikinsa da sanyi, ɗaya har ta fara ƙwai. A fada aka daina kirana Iro, aka koma "Mushe Misali", wato Malam Misali a bakin Faransawa. An sa jawabina a rediyo, na bi gida gida ina tambayar ko an ji. An ji. Wanda ya fi kowa ji shi ne Sha'ibu mai shago, wanda tun muna samari yake ganin ƙofarsa ta fi tamu faɗi. Ya tare ni ya ce, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, tunda na ci gaba, su da aka bari a baya za su hura tasu wutar a ƙofarsa bana. Na ce Allah ya ba da sa'a, ni nawa ragon ko ƙamshin hayaƙi ba zai ji ba.

Shi ne fa yau, jajibirin salla, ina alwala a zaure na ji ƙarar ƙarfe. Ina leƙowa na ga ƙarti sun cicciɓi tanderun sun ɗora a mota, kazar Barira ta yi tsalle ta dira. Na ce lafiya? Direban ya ce, "Mushe, kauce, sauri muke. Bayan salla akwai bikin miƙa shi a Kore Mairuwa, sai an sake mishi fenti." Na ce ai an riga an miƙa shi, ni aka miƙa wa! Ya ce, "To ba an ɗauki hoto ba?" Ya ja mota. Sauran labarin masu ƙosai sun ba ku.

Da na dawo ina ɗingishi, na tarar da Fidèle a bakin shagonsa na kafinta yana ƙoƙarin ɓoye dariya a cikin gemu.

Ya ce, "Iro, tanderun ga, ƙofarshi na da lotsawa wajen hagu?"

Na ce tana da ita.

"To shi na anka ba ƙanen matata a Dumega watan jiya. Shi ma ya yi jawabi. Amma shi bai ba da itacenshi ba."

Na ce itacena yana buro, shaida ne. Fidèle ya ce shaidar ta dafa shinkafar baƙi tun ranar bikin, shi da kansa ya ci, kuma ta dahu ƙwarai.

Ban yarda ba sai da na taka har buron. Na sami wani bawan Allah shi kaɗai yana kallon waya. Ya saurare ni da kyau, ya ce kokena yana da muhimmanci, in dawo bayan salla. Na ce ragon fa gobe za a yanka. Ya ce wannan kuma ba ɓangarensu ba ne, su itatuwa suke kula da su. Na biya kasuwa. Ruwan shuka ya sauka shekaranjiya, masu amalanke duk sun tafi gona, ɗan itacen da ya rage jiƙaƙƙe ne, in ka matsa shi sai ya ɗiga. Na dawo gida hannu wofi.

Ina shiga tsakar gida na ji muryar Inna daga ɗaki.

"Iro, kai na?"

"Ni na, Inna."

"Bana ban ji sara ba. Ko an ɗaga salla?"

Jama'a, na sha kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Ashe duk hayaniyar da aka yi, rumfa da lasifika da guɗa, Barira ta ce mata wani ne ke bikin suna a maƙwabta, ta kuma kashe rediyo duk lokacin da muryata ta fito. Tsohuwa tana kwance tana kasa kunne kowace safiya, tana jiran gatarin mijinta, ni kuwa ina waje ina goge ɗakin kaji. Na ce mata, "Ba a ɗaga ba, Inna." Na fita zaure na zauna, hawaye suka zo mini, ban hana su ba.

Barira ta same ni a nan, ɗauke da sandunan Baba. Ashe a ƙarƙashin gadon Inna ta ɓoye su. Ta jingina su a bango, ba ta ce "na gaya maka" ba, wanda ya fi a ce ta faɗa zafi.

Ta ce, "Na zagaya gidaje. Mata sun ce su ba su san wata ƙofa ba sai wagga. Sha'ibu ma ya ce in kana da busasshen itacen tada wuta, shi ba shi ja da dokar Baba. Amma ya ce ya san ba ka da shi."

Gaskiya ya faɗa. Ko tsinken sakace busasshe babu a gidan. Ina zaune na haɗa kai da gwiwa, sai ga Fidèle ya shigo da gatari a kafaɗa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa turken allon nan da bayan yatsa, ya kara kunne kamar mai sayen tukunya.

Ya ce, "Ni anka ba aikin allon ga. Turakun nan kirya ta, busassa tun bara. Ruwa bai ratsa ta. In ta kama, sai ta kwana tana ci."

Na ce, "Fidèle, kayan hukuma ne fa."

Ya ce, "Ba a gabanka anka kafa shi ba? Ba an ɗauki hoto ba?"

Na duba hujjar nan ta kowane gefe, na ga irin tasu ce sak, ba inda za su kama ni. Muka girgiza turakun muka tumɓuke. Farantin rubutun na kwano ne, Barira ta ce a bar mata, akurkin kajinta na yoyo. Na ja turke ɗaya har gindin tagar Inna, na tofa yawu a tafin hannu, na ɗaga gatari. Saran farko na kuskure, na kusa raba babban yatsana da sauran ƴan uwansa. Na biyu ya shiga. Kirya ta yi ƙara irin wadda na sani tun ina yaro.

Daga cikin ɗaki na ji Inna ta yi gyaran murya. Ta ce, "Yawwa. Barira, fiddo mini zanen salla. Ki ce ma yaron ga shi rage gaggawa, ubanshi bai sara haka."

Na ci gaba da sara, ina kuka ina dariya, Fidèle na tsaye a kaina yana ba da umarni kamar yadda ubansa ke yi. Kafin la'asar sai ga Sha'ibu ya turo kurar itacensa ya juye a ƙofarmu, ya ce in gaida Mushe Misali in na gan shi.

Saboda haka, Mai Girma, Allah ya ja zamaninka, in ka ratso ta kwalta gobe ka ga hayaƙi inda allonka yake, kada ranka ya ɓaci. A duk abin da furojenku ya kawo, wannan ne ya isa ga talaka har ya shiga cikinsa. Ni kuma na yi wa dogonyaro alkawarin zan dasa masa ƙane da damina, ba tare da rumfa ba. Roƙona ɗaya: in kashi na biyu ya tashi, ku bar gaz ɗin, mun yafe. Ku dai kawo allo mai turaku huɗu, don baɗi Inna ta ce rago biyu take so.