Ƙahon Marayan Ɓauna

Ranar sadakar bakwan Ɓauna, Kura ta ja Dila bayan tsamiya.

"Malam Dila, mamaci ya bar ɗa, ya bar fadama. Ni ciyawa ba ta dame ni ba."

"Ni ma reno ba sana'ata ba ce, Hajiya. Riƙe yaron, in riƙe fadamar." Suka tafa.

Washegari majalisar daji ta zauna. Dila ya miƙe, ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, riƙon maraya iri-iri ne. Akwai riƙon jiki, wato ci da makwanci. Akwai riƙon dukiya. Akwai kuma wanda fada ke naɗawa ya sa ido kan masu riƙon. Ɗawainiya ce, amma mun ɗauka saboda Allah."

Zaki ya yi hamma, ya ce an amince. Sa idon aka ba Ungulu.

Uwar maraya ta ɗaga murya daga baya. "Ranka ya daɗe, ai ni ina da rai."

"Allah Ya ƙara lafiya, Inna," in ji Dila. "Ke an bar miki shayarwa, ta fi lada."

Aka sa doka, duk wanda ya yi farauta ya kai wa Kura cinya ɗaya don ciyar da maraya. Ba wanda ya tuna cewa ɓauna ba ta cin nama. Dila kuwa ya buɗe wa bareyi fadamar, Zaki ya riƙa zuwa duba lafiyarsu, Ungulu na share wurin bayansa.

A al'adar dajin, riƙo na ƙarewa ne ranar da ƙahon maraya ya wuce kunnensa. Saboda haka duk Juma'a Kura kan goga masa ƙahon a jikin dutse, wai kada ya ji wa kansa ciwo.

Bayan damina goma sha biyu, maraya ya shigo majalisa, ƙasa na girgiza. "Ranka ya daɗe, furfura ta fara fito mini. A ba ni fadamar ubana."

Ungulu ta sauko ta auna. "Saura yatsa biyu, yaro."

"Kun ji yadda yake ɗaga wa manya murya?" in ji Dila. "Yana bukatar mai riƙon tarbiyya." Nan take aka naɗa surukin Zaki.

Kura ta yi ƙiba, Dila ya ƙara aure, Ungulu ta samu lambar yabo. Uwar ta rasu tana jira. Maraya kuwa har yau yaro ne, kuma gobe Juma'a.