Lalle a Maɓallin Filifa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka sa ni lalle ba, kuma ba don daɗin angonci ba. Shekara wajen arba'in ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai ina cikin cin tuwo, sai in ajiye lomar.

Bari in fara da filifa, tunda yaran yanzu masu wasa a waya ba su san ta ba. Wani dogon akwati ne mai ƙafa huɗu, samansa madubi, cikinsa a gangare. Ka jefa jeto, wato ƴar ƙwandalar wasan, ka ja wani ƙarfe ka saki, sai ƙwallon ƙarfe kamar ƙwan tantabara ya harba sama, ya dinga karo da fitilu da ƙararrawa yana gangarowa. Aikinka ka hana shi faɗawa rami da wasu ƴan hannaye biyu da ake motsawa da maɓalli, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Gwani yakan ɗan jijjiga akwatin ya taimaki ƙwallo, amma in ya wuce gona da iri sai fitilu su mutu, ƙararrawa ta yi tsit, hannayen su saki. Mukan ce ta suma.

A duk Agadas da na sani, butikin Buba, wani kanti da ke bayan otogar, wato tashar mota, shi kaɗai ke da ita. Wani Bature da ya tashi daga Arlit ne ya sayar masa, haɗe da wani akwati mai tele a gaba, wanda ƙwari ke saukowa a jere kana harbinsu. Wannan muna kiransa akwatin ƙwari, kuma ni ban taɓa ɗaukarsa wasan manya ba. Filifa ce tawa. Buba yana da bango guda inda yake rubuta sunan wanda ya fi kowa lamba da alli, kuma sunana ya yi wata bakwai a wurin ba wanda ya goge shi.

A lokacin ina rubuta sunayen fasinja a otogar, kuma shekarar fari ce. Kori, rafin da ke shayar da garin, ya bushe, mutanen daji sun rasa dabbobi sun zo sun kafa bukkoki a bakin gari, mata na bin layin jar dawa ta taimako tun safe har rana ta take. Ni kuwa babban abin da ke hana ni sukuni shi ne kada ƙwallo ya faɗa rami. (Ina faɗa ne don ku san irin mutumin da ake magana, kada ku ɓata tausayinku.)

Yarinyar da nake nema, Hadiza, ɗiyar Malam Sidi ce. (Ko yanzu da na rubuta sunansa sai da na ji nauyi, Allah ya jiƙansa.) Mutum ne marar yawan magana, sana'arsa gyaran radiyo da na'urorin jan ruwa na garkuna, wato lambunan Dabaga. Da farin nan ya zo, rijiyoyi suka ja baya, na'urori suka kwanta, mai radiyo kuwa sayarwa yake yi, ba gyara ba. Da baffana ya je neman mini aure, Malam Sidi bai kawo zancen dukiya ba ko kaɗan. Abu ɗaya ya ce: yaron ba shi da laifi, amma ya ji labarin wuni yake yana dukan akwatin Nasara kamar ƙaramin yaro, kuma shi ba zai ba da ɗiyarsa ga mai wasa a shekarar da mutane ke kwana da yunwa ba.

Na yi rantsuwa a gaban Baffa cewa ni da filifa har abada, ya kai saƙon, aka amsa. Kuma wallahi na riƙe alkawari wata huɗu cur. Hanya ma na sauya, don kada in ji ƙarar ƙararrawar nan zuciyata ta karye. Abin da ya rage mini na sanyaya rai shi ne abokina Lawali yakan gaya mini sunana na nan a bango.

Aka sa ranar ɗaurin aure Juma'a, lalle ranar Alhamis. Gwamnatin soja ta hana almubazzaranci a biki, kuma gaskiya dokar ta rufa wa kowa asiri, don ko ba a hana ba babu abin da za a almubazzarantar. Amma lalle ba ya cikin abin da aka hana. A garinmu ango ma ana sa masa, hannu da ƙafa, a naɗe da tsumma, a zaunar da shi a ɗakin babban abokinsa da wuƙa a gefensa saboda iskoki. Ba ya fita, ba ya yawan magana, har sai an kawo amarya. Gwaggona ta zo da hantsi ta cika mini hannaye da ƙafafu, ta yi mini gargaɗi kada in motsa sai la'asar, ta tafi.

Lawali ne babban abokin, kuma shi ya jawo. Yana dafa shayi, yana neman abin da zai ɗebe mini kewa, sai ya ce ai jiya Buba ya goge sunana. Wai wani soja ne ya zo ya zarce lambata, kuma da kansa ya karɓi allin ya rubuta nasa da manyan baƙaƙe. A zamanin nan in soja ya rubuta abu a bango, ba mai tambayarsa ko ya ƙirga daidai. Lawali ya faɗa yana dariya, ya sha shayinsa, ya yi azahar, ya miƙe a tabarma, barci ya ɗauke shi.

Ni kuwa na zauna da hannaye a naɗe ina jin abin yana cina. Na gaya wa kaina cewa gobe zan zama magidanci, daga nan filifa ta haramta gare ni da gaske, don haka yau ce ranar ƙarshe da zan iya karɓo sunana. Na ƙara gaya wa kaina cewa rantsuwar da na yi ta dainawa ce, kuma mutum ba ya dainawa sai ya yi na ban kwana. (Shaiɗan bai sha wahala da ni ba ranar, ni na yi masa rabin aikin.) Na kwance tsummokaran da haƙori, na kankare lallen da bakin wuƙar da aka ajiye don tsare ni, na ɗauki rawanin Lawali na naɗa har saman hanci. A Agadas mutum mai rufe fuska ba abin kallo ba ne. Tsakar rana ce, gari ya yi tsit, ko kare ba ya yawo.

Buba na ganina ya gane ni, ko don ƙafafuna da suka yi ja jawur cikin takalmi. Ba kowa a butikin. An janyo akwatin ƙwari daga jikin bango, telensa a kashe, ban ko kula ba. Buba ya miƙe yana zazzare mini ido, yana nuna ƙofa da haɓa. Na ɗauka tsoron sojan yake ji. Na ce ya ba ni jeto, in sojan ya zo ya ce masa aljani ne ya goge.

Ƙwallon farko ya tafi yadda nake so. Ku yarda da ni, na ji daɗin da ban ji ba cikin wata huɗu: ƙarar nan, fitilun nan, lambobi na juyawa kamar ana tankaɗe. Sai dai ina zufa, kuma ragowar lallen da ke tsakanin yatsuna ya jiƙe ya fara narkewa. A ƙwallo na biyu maɓallin hagu ya fara liƙewa, in na danna sai ya yi jinkirin dawowa. Ƙwallo ya wuce ta gefensa ya faɗa rami ina kallo.

Na san mutumin Togo da ke gyara wa Buba na'urori ya koma ƙasarsu, sai na ɗora laifin kan magajinsa. Na tambaya da ƙarfi wane makaho ne ke taɓa masa ita yanzu, wanda ko kwanon miya bai kamata a ba shi ya liƙe ba. Buba ya matso kusa da ni.

"Ango, don Allah ka koma gida. In surukinka ya ji fa?"

Ai da na yi shiru a nan, da sauƙi. Amma idona na kan ƙwallo na uku, bakina kuma ya kama gabansa. Na ce tsohon nan ina zai ji, shi da ba ya jin komai sai kukan matattun radiyo. Na ce mutum ya iya kafa wa mutane doka kamar shi ne kwamandan gari, alhali gobe za a kai ɗiyarsa ɗaki ko katifa bai iya saya mata ba. Na faɗa ina dariya a cikin rawani, ina jijjiga akwatin saboda ƙwallo ya nufi hagu. Na jijjiga da ƙarfi, filifa ta suma. Fitilu suka mutu, ƙararrawa ta ɗauke.

A cikin shirun nan ne na ji an ajiye ƙarfe a ƙasa, a bayan akwatin ƙwari. Wani mutum ya miƙe a hankali, yana dafa gwiwa. Tsohuwar riga ce a jikinsa, duk ƙura, zufa ta jiƙa masa gemu, da ƴar waya a hannunsa. Malam Sidi ne.

Wanda ba ɗan garinmu ba ba zai gane girman abin ba. Ni da mutumin nan ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a hanya nakan cire takalmi in durƙusa tun daga nesa, ko ruwa ba zan sha a gabansa ba. Shi ma surukuta ta hana shi yi mini magana kai tsaye, kuma ko a ranar bai karya al'ada ba. Bai dube ni ba. Ya zo ya duba maɓallin, ya shafa shi da babban yatsa, ya juya wajen Buba.

"Buba, ka gaya wa baƙonka ba laifin mai gyara ba ne. Lalle ne ya shiga maɓallin."

Ya goge yatsan a rigarsa, sannan ya ƙara da cewa, "Zancen katifa kuwa gaskiya ya faɗa. Ita nake nema a nan."

Ya koma bayan akwatin ya tsuguna, ya ci gaba da aikinsa.

Ban san yadda na fita ba. Abin da na tuna shi ne na ƙara jan rawani sama har ya rufe mini ido, kamar hakan zai taimaka, na yi karo da ƙyauren ƙofa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba kunyar kamu ba ce kawai. Daga baya Buba ya gaya mini cewa wata uku ke nan tsohon yana zuwa, kullum da tsakar rana lokacin da ba kowa, don kada a ga mutumin da ya kira abin wasan banza yana ci da iyalinsa daga gare shi. Ashe ni da shi lokaci ɗaya muka zaɓa, shi don ya rufa wa ɗiyarsa asiri, ni don in karɓo sunana daga bango.

Da la'asar Gwaggo ta zo ta ga lallen ya kama dabbare-dabbare, ta ce ba ta taɓa ganin ango mai ƙaiƙayin hannu irina ba. Ban gaya wa Lawali ba, ban gaya wa Baffa ba. Jira kawai nake a aiko a ce an fasa, kuma na san in an fasa ba wanda zai ce an zalunce ni.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci maza suka tafi ƙofar gidansu Hadiza, ni aka bar ni a ɗaki da wuƙata kamar yadda aka saba. Lawali ya leƙo sau biyu yana cewa liman ya zauna, goro ya iso, amma uban yarinya bai fito ba, mutane sun fara kallon juna. A karo na uku ya shigo yana haki ya ce an shafa fatiha. Wai tsohon ya makara ne don daga kasuwa yake, an gan shi yana biye da amalanken jaki da sabuwar katifa a kai.

Kwana bakwai da tarewa, Hadiza ta ciro wani ɗan ƙulli daga cikin kayanta, ta ce babanta ya ce ta ba ni, wai na san ko na mene ne. Na kwance. Maɓallin hagu ne, fari, da jan lalle a gefensa wanda bai fita ba. Ya sa wa Buba wani, ya aiko mini da nawa. Ta tambaye ni mene ne, na ce kayan gyara ne. Sai da muka haifi ɗa na biyu na iya gaya mata gaskiya, ta yi kwana uku ba ta zuba mini nama a miya ba.

Malam Sidi ya rayu shekara ashirin da wani abu bayan nan, bai taɓa tayar da zancen ba, ko da wasa. Da ya zage ni da na huta. Katifar ta yi mana shekara goma sha ɗaya, mai laushi ce ƙwarai, amma ni kam ban taɓa kwanciya a kanta na manta inda ta fito ba. Sunan sojan ya zauna a bango har Buba ya rufe butiki, filifa ta ƙare a bayan gidansa kaji na kwana a ciki.

Kwanan baya jikana ya nuna mini irinta a wayarsa, ya ce in gwada. Na gwada, ba ta da nauyi, ba ta da ƙamshin ƙarfe mai zafi, ba abin jijjigawa. Na mayar masa. Ba zan ɓoye ba, ina kewar ƙarar ƙararrawar nan, kuma maɓallin na nan a cikin akwatina tare da takardun gida. In na ga bakina zai yi mini gaba a taro, shi nake tunawa. Akwatin Nasara da tsohon ya ce wasan yara ne ya fi ni hankali ranar: filifa da abu ya wuce kima shiru ta yi, ni kuwa sai da na kai aya.